Zaren Mai Waigi

Duk wanda ya sauka daga bas a Tirukkarai, karusa yake fara gani kafin ya ga haikali. Tana nan a kwanar da Titin Arewa ya haɗu da Titin Gabas, ta karkace kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu, ƙafarta ta gaba ta nutse a ƙasa har rabi. Awaki na kwana a ƙarƙashinta, hankaki na sheƙa a samanta. Baƙi kan tambaya me ya ajiye ta a tsakiyar hanya, mu kuma sai mu nuna musu wani tsoho da ke zaune a inuwarta da jakar leda a gefensa, mu ce su je su tambaye shi. Mun san ba zai tanka musu ba, mun dai gaji da ba da labarin ne.

Sunansa Pakkirisami, amma Mai Waigi kowa ke ce masa, kamar yadda aka kira ubansa da kakansa. Karusar Ubangiji Siva ta garinmu ba ta da sitiyari, ba ta da birki. Ta kusa kai bishiyar kwakwa tsawo, kowace ƙafa cikin ƙafafunta na katako ta fi mutum tsayi. Sau ɗaya a shekara ake ɗora siffar Ubangiji ta tagulla a kanta, jama'a su ja ta da igiyoyi masu kaurin cinyar ƙato. Daga mazauninta a Titin Gabas take fita, ta bi Kudu, ta bi Yamma, ta bi Arewa, ta dawo inda ta tashi, kuma ba ta taɓa komawa da baya. Mutum ɗaya ke gudu a gefen ƙafar gaba, rungume da guntun iccen tsamiya mai fiƙaƙƙen baki, wato waigi. Shi ke cusa shi ƙarƙashin ƙafar don karusa ta karkata ko ta tsaya. In ya makara ta faɗa zauren wani, in ya yi garaje ta tafi da hannunsa. Kakan Pakkirisami da guntayen yatsu aka ƙona gawarsa, kuma gidansu suna faɗin wannan da alfahari.

A zamanin kakan nasa Tirukkarai gari ne na gaske. Jiragen katako na shigowa bakin kogi, su ɗauki shinkafa da gishiri zuwa Rangun da Penang, su dawo da katako da kayan ƙamshi. Wani attajiri Musulmi mai jirage ne ma ya ba da katakon da aka sassaƙa karusar, shi ya sa har gobe danginsa ke da hakkin fara taɓa igiya. Jikansa, Sikkandar, shayi yake sayarwa yanzu a rumfar kwano. Yashi ya toshe bakin kogin, jirage suka sake hanya. Aka shimfiɗa layin dogo can nesa da mu. Sai kuma safiyar da teku ya tashi tsaye, ya shiga unguwar masunta ya fita da rabinta. Bayan nan wasu masu hali suka haƙa tafkunan jatan lande a gonakin shinkafa, gishiri ya bi ƙasa ya shiga rijiyoyi, ruwan sha ya zama abin da ake runtse ido kafin a haɗiye. Samari suka watse, wasu Singafo, wasu Dubai, wasu masana'antun ɗinki na Tiruppur. Gidajen da ke Titin Yamma yawancinsu kwaɗo ne a ƙofarsu.

Sana'a ɗaya ta rage mana. An ce tekunmu na wanke matattu, don haka kullum bas ɗin safe kan sauke mutane riƙe da ƙaramar tukunyar ƙasa a naɗe da ƙyalle. Su nufi bakin ruwa, a yi musu karatu, su zuba tokar mamacinsu, su sha shayin Sikkandar, su bi bas ɗin la'asar. Masu rai ba sa zuwa garinmu don su zauna.

Pakkirisami kafinta ne a sauran ranakun shekara, yana gyaran kwale-kwale da ƙofofi. Ba shi da surutu, ba ya shan giya, kuma taurin kansa ya fi na iccen da yake riƙewa. Matarsa Anjammal daga ƙetaren gada aka auro ta. Furen yasmin take kitsawa tana sayarwa a ƙofar haikali, bakinta kuwa ba ya hutawa sai in tana barci. An ce ranar da ta fara ganinsa yana gudu a gefen karusa, ta ce wa ƙawarta wannan ba zai tsufa da hannu biyu ba, duk wadda ta aure shi ta shirya ba shi abinci a baki. Shekara na zagayowa ta aure shi. Kamar kowace macen zamaninta, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kun ji ko," take cewa, ko faɗa za ta yi, ko kofi za ta miƙa. 'Ya ɗaya ta tsaya musu, Kalaiselvi, wadda ta auri wani tela suka tafi Tiruppur.

Ranar da aka ɗaga tutar biki, malamin haikali kan ɗaura wa masu hidima zare mai kurkum a wuyan hannun dama, wanda muke kira kappu. Mai kappu ba ya cin nama ko kifi. Ba ya shiga gidan mutuwa, ba ya taɓa abin mamaci. Ba ya kuma ƙetare gadar garin, inda dutsen Uwar Iyaka, allahiya mai tsaron garin, yake shafe da jan gari. Abu ne na 'yan kwanaki. Karusa na komawa mazauninta a kwance wa kowa, a dafa kifi da tsamiya a kowane gida. Sai dai gidan masu waigi suna da tasu ƙa'idar da ba a rubuta ko'ina ba. Uban Pakkirisami ya gaya masa tun yana ƙarami cewa mai waigi ba ya kwance nasa sai hannunsa na kan ƙafar karusa, karusa kuma na mazauninta. In ya kwance kafin nan, ba za ta ƙara komawa ba, garin da karusarsa ta kwana a waje babu mai riƙe da ita kuwa teku ne zai gaje shi. Pakkirisami ya ɗauki maganar nan ya ajiye a inda ake ajiye abin da ba a tambaya.

Bayan tashin teku karusa ta yi shekaru ba ta fita ba, don babu hannuwan da za su ja ta. Abin ya tsaya wa Pakkirisami a rai. Kullum yana rumfar Sikkandar yana maganar, har shayin ya huce a hannunsa.

"Machan," in ji Sikkandar, don da suruki suke kiran juna tun suna yara, ko da yake ba aure tsakanin gidajensu, "wa zai ja ta? Ni da kai da awakin Titin Kudu?"

"Kai dai ka taɓa igiya yadda kakanka ya taɓa. Sauran ba ruwanka."

"Taɓawa kam na iya. In ja ne, ko butar shayin nan sai na yi nishi."

Wata shekara samarin Singafo suka dawo hutu da yawa lokaci guda, da agogo a hannu da son a san sun dawo. Pakkirisami ya bi su gida-gida har suka yarda. Aka sake wa karusa rufi, aka shafe ta da fenti, aka murɗa sababbin igiyoyi. Mata masunta suka yi ta faɗa cewa ƙasar kwanar Arewa ba ta bushe ba tun da teku ya shiga. Anjammal ma ta gaya masa, ta ce ko kare ya taka wurin sai ya bar sawu, balle dutse mai ƙafa huɗu. Ya ce a nan ubansa ya juya ta, a nan kakansa ya juya ta, ƙasa ba ta manta nauyin da ta saba ɗauka.

Ranar ta fara da kyau, wannan dole a faɗa. Ganguna da algaita suka cika gari, Sikkandar ya taɓa igiya yana washe baki, karusa ta yi ƙara ta motsa, tsofaffin mata suka fashe da kuka. Pakkirisami, da furfurarsa da komai, ya yi ta gudu a gefen ƙafar kamar ɗan shekara ashirin. Ta bi Kudu lafiya, ta bi Yamma lafiya. Amma watan zafi ne, kuma samarin Singafo sun saba da ɗaki mai sanyi. Kafin a kai ƙarshen Titin Arewa rana ta take, wasu sun sulale neman inuwa, baƙin ƙauyuka sun fara tunanin bas. Waɗanda suka rage a igiya ba su kai rabin na safe ba.

A kwanar nan akwai al'ada. Nan ne kaɗai Ubangiji ke fuskantar teku, saboda haka ana tsayar da karusa cak, dattijon masunta ya miƙa faranti da kwakwa da furanni a madadin duk masu shiga ruwa. A shekarar kuwa kusan duk unguwar ta fito, waɗanda suka rasa 'ya'ya da waɗanda suka rasa iyaye, sun jeru suna jira. Karusa ta taho da ɗan gudunta. Pakkirisami ya ji ƙasa na lotsawa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, ya kuma san in ya ɗan goga mata waigi kawai za ta sha kwanar da ƙarfinta ta wuce, mazauninta ga shi can, jifan dutse. Ya dubi dattijon da farantinsa a hannu. Ya cusa waigin har gindi.

Ta tsaya. Aka fasa kwakwa, aka kunna kafur, aka yi kuka aka share hawaye. Da aka buga ganga aka ja igiya, sai ƙafar gaba ta yi ƙasa maimakon gaba. Aka ja har fatar hannu ta saɓule, aka kawo katakai da duwatsu, duk ja ɗaya sai ta ƙara nutsewa. Da rana ta yi sanyi aka sauko da Ubangiji aka mayar da shi haikali a kafaɗa, kowa kansa a ƙasa.

Washegari Sabesa Gurukkal, malamin haikali, ya yi addu'ar neman afuwa da nono da wuta, ya kwance wa masu ganga da masu fitila zarensu, ya kwance nasa. Da ya zo kan Pakkirisami sai ya tarar ya mayar da hannu baya.

"Pakkiri, miƙo hannu."

"Sami," ya ce, yadda ake kiran malami da girmamawa, "ba ta koma ba."

"Ubangiji ya koma ɗakinsa, an nemi afuwa, an gama. Abin da ya rage a titi katako ne."

"Ni na fito da ita, ni na tsayar da ita. In ta koma na miƙo."

Gurukkal ya ɗaga kafaɗa ya ce to, ai ba za ta wuce mako ba. Duk mun ɗauka haka ne. Amma samari suka koma Singafo, damina ta zo ta ƙara dasa ƙafar, ofishin da ke kula da haikalai ya turo wani ya duba ya tafi. Shekara ta wuce, wata ta bi ta. Bas ta koyi kauce mata, mu ma muka koya.

Anjammal ce ta riƙe zaren nan da rai, kuma ita ce ta fi kowa zaginsa. Kowace Juma'a bayan wanka takan zaunar da mijinta a dakalin gida, ta kwaɓa kurkum da ɗan man riɗi, ta murza wa zaren, ta ƙara sabon sili inda ya sirance. Tana yi tana faɗa. Ta ce a garin da ko kyanwa ta ƙoshi da kifi ita ce ke dafa wake da kabewa kullum kamar gwauruwar Brahman, dangin malaman da ba sa cin nama. Ta ce ta ɗauka za ta ƙare da miji mai hannu ɗaya, ashe mai kai ɗaya za ta samu, shi ma na dutse. Shi kuwa sai ya miƙa hannu, yana kallon yadda yatsunta masu kitsa fure ke juya silin. In aka tambaye ta me ya sa ba ta bar zaren ya ruɓe ya faɗi kowa ya huta ba, takan ce in ya faɗi mutumin nan ma faɗuwa zai yi, wa zai ɗaga shi.

Aka haifi jikansa a Tiruppur bai je ba. Aka huda wa yaron kunne bai je ba. Kalaiselvi ta daina tambayarsa a waya, sai dai ta ce wa uwarta ta gaishe shi.

Ƙafafun Anjammal suka fara kumbura. Ta ce zama ne, ta ci gaba da kitsa furenta har ranar da ta kasa tashi daga ƙofar haikali. Sikkandar ne ya kai ta asibitin ƙetaren gada, don mijin ba ya ƙetarewa. Likita ya ce ƙoda ce, kuma sai an riƙa wanke mata jini a kai a kai da na'urar da babu ita sai a babban birni. Kalaiselvi ta zo ɗaukar ta. Ta shiga gidan ta haɗa kayan uwarta ba ta ko zauna ba, sannan ta tsaya a gaban ubanta.

"Appa, ku ɗauko rigarku mu tafi."

"Bari damina ta wuce. An yi mana alkawarin katafila."

"Katako ne, Appa. Wannan kuma Amma ce, mahaifiyata."

Anjammal ce ta ce wa 'yar ta rufe baki, ba a yi wa uba magana haka. Ranar ba Juma'a ba ce, amma ta sa aka kawo mata kurkum da mai, ta jingina da bango ta yi wa zaren gyara na ƙarshe, ta ƙara masa sili har ya yi kauri. Wannan karon ba ta yi faɗa ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya raka su har gindin gada yana tafiya a gefen keke mai ƙafa uku, hannunsa a kan rufinsa. A gaban dutsen Uwar Iyaka ya ja ya tsaya. Da za a ɗora ta a bas ta juyo.

"Kun ji ko, kada ku bari ruwan gishiri ya taɓa shi. Kuma ku riƙa cin abinci, ba shayi kawai ba."

Daga ranar Pakkirisami ya zama abin tausayi da ban haushi lokaci guda. Duk baƙon da ya sauka da tukunyar toka sai ya tare shi da maganar karusa, ko yana da ɗan'uwa a gwamnati, ko ya san mai babbar mota. Yana gani a ransa cewa hanyar Tiruppur ta kwanar nan ta bi, in karusa ta matsa jifan dutse shi ma ya tafi. Gab da zaɓe wani ɗan takara ya turo katafila da 'yan hoto. Aka kafa mata baki a bayan karusa aka tura. Ƙarar da muka ji har bakin teku ba ta motsi ba ce, babban gungumen da ke haɗa ƙafafun gaba ne ya tsage gida biyu. Direban ya ja da baya ya tafi. Pakkirisami kafinta ne, ya leƙa ƙarƙashi ya ga tsagewar, ya san abin da ya gani. Ya fito ya zauna a ƙasa.

Muryar Anjammal a waya tana ta ƙanƙancewa. Takan tambaye shi wa ke sayar da fure a wurinta yanzu, ko an gyara rufin madafa, ko ya ci abinci. Sau ɗaya tak ta roƙe shi. Wata safiya ce, yana rumfar shayi, wayar a kunnensa, Sikkandar na jin komai.

"Kun ji ko. Ba za ku zo ku gan ni ba?"

Ya ce za a samo sabon gungume, an ce akwai wani mai katako a Karaikal, da zarar an sa shi. Ta ce to, Allah ya kai mu.

Sikkandar ya ajiye ludayinsa. "Machan, tashi ka tafi. In Ubangijinka ya yi fushi ka ce ni na tura ka, ya zo rumfata ya same ni."

"In na kwance, garin nan fa?"

"Wane gari? Dubi titi. Wa ka gani?"

Maganar ta shige shi. Ya koma gida ya sa riga da zane da buroshi a jakar leda, washegari ya riga kowa zuwa gindin gada. Bas ta zo, direba ya san shi, ya tsaya ya danna masa oda, ya sake dannawa. Masu wanki a bakin kogi suna kallo. Pakkirisami ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya dubi jan dutsen, ya dubi hannunsa, ya juya ya dubi gabas inda teku ke ƙara. Tsoro ne ya riƙe shi, tsoron da ubansa ya zuba masa tun bai kai tsawon waigi ba, ya gaskata da zuciya ɗaya cewa zaren nan ne kaɗai ya hana ruwa shigowa ya kwashe sauranmu. Ya ɗaga wa direba hannu ya ce ya je. Da yawanmu ba mu yafe masa wannan safiyar ba, duk da cewa a zatonsa mu yake karewa, kuma babu wanda ya roƙe shi.

Ba ta kai ƙarshen watan ba. Mijin Kalaiselvi ne ya bugo, shi ne kuma ya yi abin da ya kamata a gidan ƙona gawa na lantarki a can. Pakkirisami ko aski bai yi ba, don mai kappu ba ya zaman makoki. Ya dai zauna a dakali da safe har rana ta bar shi.

Bayan 'yan kwanaki bas ɗin safe ta sauke Kalaiselvi ita kaɗai, riƙe da ƙaramar tukunyar ƙasa a naɗe da ƙyalle, kamar kowane baƙo. Ta wuce ta gefen karusa ba ta ɗaga kai ba. Ya biyo ta a baya har bakin ruwa. Malamin da ke yi wa matattu karatu ya shimfiɗa ganyen ayaba a yashi, ya yi abin da zai yi, sannan ya ce tunda babu ɗa namiji, miji ne zai shiga da tukunyar. Sai idonsa ya faɗa kan hannun Pakkirisami, ya girgiza kai, ya ce ba da wannan ba.

"Ba komai, Ayya," in ji Kalaiselvi, tana kiran malamin da girmamawa. "Ni zan shiga da ita. Na saba ɗaukar ta."

Ta tattare bakin zanenta ta nufi ruwa. Ya ce mata ta tsaya. Ya ɗaga hannun damansa yana neman wanda zai ara masa wuƙa, ya sa yatsa ɗaya ƙarƙashin zaren don ya ɗaga shi daga fata. Tun tafiyar Anjammal babu wanda ya shafa masa kurkum ko mai. Ya yi fari-fari, gumi da iskar teku sun cinye shi. Yatsan na shiga ya rabu, ko ƙara bai yi ba, ya faɗi a jiƙaƙƙen yashi tsakanin ƙafafunsu.

Kalaiselvi ta dube shi a ƙasa, ta daɗe tana kallo.

"Ashe yana tsinkewa," ta ce.

Ta miƙa masa tukunyar. Ko nauyin waigi ba ta kai ba. Ya shiga ruwa har ƙugu, ya juya wa teku baya yadda ake yi, ya buɗe ƙyallen ya juye ta bayan kafaɗarsa. A nan ne ya yi kukan, yana kiran sunanta, abin da ba mu taɓa ji daga bakinsa ba. Kafin ya fito igiyar ruwa ta ɗauke zaren. Teku bai tashi ba. Masunta na can suna gyaran taru, wani baƙon kuma na jiran malamin da tasa tukunyar.

Da la'asar ya raka ta gindin gada, da jakar ledarsa a hannu, wadda bai kwance ba tun waccan safiyar. Yanzu babu abin da ya riƙe shi. Ya tsaya kusa da ita suna jira, yana sauya jakar daga hannu zuwa hannu yadda za ta gani. Ta gani. Bas ta zo, Kalaiselvi ta sunkuya ta taɓa ƙafafunsa yadda 'ya ke yi wa uba, ta ce ya riƙa cin abinci, ta hau, ta zauna ta ɓangaren tagar da ba ta kallonsa. Ya jira ta ce ya taho. Direba ya dube shi ta madubi, ya ɗan dakata, sannan ya ja.

Gishiri na ci gaba da cin ƙusoshin karusa, bara rufinta ya rufta. Gurukkal ya koma wurin ɗansa a birni, wani yake zuwa da babur ya kunna fitila ya tafi. Sikkandar kan aika wa abokinsa shayi da ɗan abinci, wani lokacin har da soyayyen kifi, tunda yanzu ya halatta gare shi, amma yakan dawo da kifin yadda aka kai. Kullum da safe yana nan a inuwar karusa, inda zai iya hango duk wanda ya sauko daga bas. Jakar tana gefensa, har yau bai kwance ta ba.